Ranar da Malam Ajiye Ya Kulle Ƙanƙara a Kabad

Mijin yayata ya yi shekara talatin da biyar yana wanke injuna a maɗaba'a, ni kuma na yi goma sha tara ina tsaron ƙofarta. Shi ma ya nema mini aikin. Don haka abin da zan faɗa a kansa ba labarin ji ba ne, a gabana aka yi, wani wurin ma har da hannuna a ciki.

Malam Ajiye kowa ke kiransa. Ba iyayensa suka sa masa ba, a wurin aiki ya samo. Duk abin da ka ɗaga hannu za ka jefa a kwandon shara, noti ne da ya cinye, guntun waya ne, murfin gwangwanin tawada ne, kafin ya kai ƙasa za ka ji murya a bayanka: “Kai, a ajiye. Wata rana zai yi amfani.” Tun yana ɓata rai in an kira shi da sunan har ya koma amsawa. Yaya ma in ya ƙure ta, da shi take kiransa.

Yana da wani ɗan ɗaki a bayan ɗakin injuna, ba taga, ƙofa ɗaya. A ciki akwai kabad na ƙarfe da ya fi ni tsawo, da kwaɗo biyu a jikinsa, makullan kuma a wuyan Malam Ajiye suke rataye da igiyar takalmi. Na taɓa leƙa kabad ɗin sau ɗaya. Gwangwanaye ne jere, na kusoshi daban, na wayoyi daban, akwai ma wanda ya rubuta wa “ƙananan da ba su da amfani”. Shi ma a cike yake.

A gida ma haka. Akwai wasu farantan tangaran guda goma sha biyu da ya saya shekarar da aka haifi babbar 'yarsu. Suna nan cikin kwalinsu a saman durowa, wai sai babban baƙo ya zo. Yarinyar ta girma, ta yi aure, 'ya'yanta uku, babban baƙo bai iso ba. Yaya takan ce ita dai ko sau ɗaya ne a bar ta ta ga zanen da ke jikinsu kafin idonta ya mutu.

Aikinsa kuwa ba kowa zai iya ba. Babban injin buga littattafai tsawonsa ya kai motar bas, kuma ya tsufa. Tawada takan bushe a jikin ƙarafansa, ta haɗu da maiko da ƙurar takarda, ta zama kamar kwalta. Duk wata sai a tsayar da shi kwana biyu, Malam Ajiye ya shiga ƙarƙashinsa da kananzir da tsumma da buroshin ƙarfe da wata tsohuwar wuƙa da ya lanƙwasa bakinta. Ba ya gaggawa, ba ya kuma son a taya shi. In ya gama sai ya tara baƙaƙen tsummokaran a tsakiyar ɗaki kowa ya gani, sannan ya kwashe ya wanke abinsa ya shanya. Hannunsa kuwa ya yi baƙi, ya tsattsage. Yaya ta ce ta manta launin faratansa na asali.

Wata ranar Laraba Manaja ta kira shi ofis. Ita 'yar wanda ya kafa maɗaba'ar ce, tun tana rarrafe tsakanin kwalaye Malam Ajiye ya san ta, shi ya sa Baba take ce masa. Tagar ofishinta a buɗe take, ni kuwa kujerata a ƙarƙashin tagar take. Ban kasa kunne ba, amma ban toshe ba.

“Baba, nuna mini hannunka.”

“Me hannuna ya yi, Manaja?”

“Nuna dai.”

Da alama ya nuna. Sai ta ce, “Kananzir ɗin nan ya isa haka. Ga tari kana yi, ga inji yana tsayawa kwana biyu duk wanki. Abu biyu ne a gabana. Ko in sayi wani inji mai wanki da busasshiyar ƙanƙara, in akwai mai iya riƙe shi a gidan nan, ko in ba kamfanin masu wanki kwangila su riƙa zuwa da nasu, kai kuma ka je ka huta.”

“In huta in yi me?”

“Abin da masu hutu ke yi.”

“Ban san su ba.”

“To ka koyi injin. Ranar Juma'a za a kawo na gwaji. Litinin ka wanke babban inji a gabana. In ka iya, na saya, kai za ka riƙe. In ba ka iya ba, Baba, kada ka ce ban faɗa maka ba.”

Ya fito ya zauna kusa da ni a kan benci, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, “Sarkin ƙofa, ka ji wai ƙanƙara kuma busasshiya. Gobe sai a kawo mana jiƙaƙƙiyar wuta.”

Na ce, “Allah ya sa mu gani.”

Dariya ya so yi amma ba ta fito ba. Na san abin da ke ransa. Mutumin da in aka ba da hutun kwana uku yakan zo ya zauna a bakin ƙofa wurina don dai ya ji ƙamshin tawada, shi za a ce ya tafi gida ke nan.

Da yamma na biya wa Yaya labari. Ta dafe ƙirji. “Na shiga uku! Ka taimake ni ya koyi abin nan. In ya zauna mini a gida wuni guda, ko ɓawon albasa ba zai bari in zubar ba.”

Ranar Juma'a da hantsi na buɗe wa wata motar ɗaukar kaya ƙofa. Mai sayar da injin ya fito, dogo, da farar riga mai guga, bakinsa ba ya hutawa. Tun daga ranar muka sa masa Mai farar riga. Injin kansa ba wani babba ba ne, kamar ƙaramin firji mai taya huɗu, da dogon tiyo mai kauri, a bakin tiyon akwai abu kamar bindiga. Sai wani akwati shuɗi mai kaurin bango, irin kula amma mutum zai iya kwanciya a ciki. Da ya ɗaga murfin, farin hayaƙi ya zubo ƙasa kamar ruwa, maimakon ya yi sama irin na kowane hayaƙi. A ciki wasu fararen ƙwayoyi ne kamar shinkafa.

Manaja ta yi ta tambayoyi irin na mai saye. Ko injin iskar da muke da shi zai iya ɗauka, ko akwai kayan gyara in ya lalace, a ina ake samun ƙanƙarar, kwana nawa take ɗauka kafin a kawo. Mai farar riga yana amsawa tun kafin ta rufe baki. Malam Ajiye kuwa yana tsaye, hannu a baya, sai da suka gama ya yi gyaran murya.

“In ta bugi ƙarfen, ina take zuwa?”

“Iska take zama, Baba. Dattin ya faɗo, ita ta ɓace. Ba ruwa, ba jiƙa waya.”

“A tara ta a sake amfani da ita fa?”

“Ba ta taruwa.”

“Ka taɓa gwadawa?”

Mai farar riga ya kalli Manaja. Manaja ta kalli sama.

Aka jawo injin bayan gini, inda wani tsohon injin yankan takarda yake ajiye shekara da shekaru, kun san wanda ya hana a sayar. Mai farar riga ya raba mana tabarau da abin toshe kunne, shi ya sa safar hannu masu kauri, ya ɗebi ƙwayoyin ya zuba a injin, ya danna kunamar bindigar. Ƙarar sai ka ce jirgi zai tashi. Farin hayaƙi ya tokari ƙarfen, baƙin datti na shekara ashirin ya riƙa ɓarewa yana tashi. Minti goma bai cika ba gefe guda ya fito fes, har muka ga ashe injin kore ne. Malam Ajiye ya matsa ya shafa wurin da bayan hannu. Sanyi, kuma a bushe. Ya duƙa ya duba ƙasa ko zai ga ƙwaya ɗaya ta tsira. Babu.

Aka ba shi ya riƙe na ɗan lokaci, Mai farar riga yana tallafe da tiyon ta baya. Sannan ya yi masa bayani dalla-dalla, ni shaida ne bai rage komai ba. Ya ce, “Baba, gobe Asabar ka ɗebi rabi ka yi ta koyo a kan wannan tsohon injin har hannunka ya saba. Sauran ka bar ta a akwatinta, a rufe, a wuri mai iska. Za ta ɗan ragu amma za ta kai Litinin. Wannan abin ba ya jiran mutum, amfani ake yi da shi da wuri. Ka ji?”

“Na ji.”

Da motar ta fita na rufe ƙofa, sai ga Malam Ajiye a bayana.

“Ka ji shi?”

“Na ji shi.”

“Wai a yi amfani da wuri. Haka mai tawada ya ce mini, wata shida za ta bushe. Ina da gwangwanin da ya shekara tara, jiya na buɗe lafiya lau. Haka mai gam ya ce. Duk bakinsu ɗaya, so suke ka ƙarar ka dawo. In ɗebi rabin kayan mutane in fesa wa mataccen inji? Ranar Litinin in ta kasa fa?”

Na ce, “Shi dai ya ce a bar ta a akwati.”

“Ka duba akwatin nan da kyau. Ina wurin kwaɗo?”

Na duba. Gaskiyarsa, babu.

“Kayan amana, a bar shi kwana biyu ba kulle? Zo ka riƙe mini buhu.”

A nan hannuna ya shiga. Da an tambaye ni zan ce na yi gardama, amma gaskiya buhu na riƙe. Ya sa safar hannun, ya riƙa ɗiba da shebur yana zubawa, buhu uku, ya ɗaure bakin kowanne da igiya. Ƙwaya ɗaya ta faɗi, na sa yatsa na ɗauka don in ji yadda take, ta cije ni kamar garwashi, na yar. Ya ce, “Ɗauko ta, ɓarna ce.” Kafin in sunkuya ta ƙanƙance ta tafi. Da muna da wayo da a nan muka tsaya. Shi kuwa cewa ya yi zafin yatsana ne ya kashe ta.

Ya kwashe gwangwanayen ƙasan kabad ya jera buhunan, hayaƙi yana malala a ƙafafunmu. Ni dai na ji kaina ya yi nauyi a ɗakin, numfashina yana sama-sama. Na faɗa masa, ya ce yunwa ce. Ya datse kwaɗo biyu, muka fito, ya kulle ɗakin. Shuɗin akwatin kuma ya goge shi tas, ya tsaya yana kallonsa irin kallon da na sani.

Asabar ba a aiki, amma ya zo. Ya leƙa ɗakinsa daga bakin ƙofa, ya ga kabad ya yi fari fat da sanyi, ya kira ni. “Ka gani? Tana nan daram. Kada a buɗe sanyi ya fita.” Ya ja ƙofa ya rufe.

Koyo kuwa ya yi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya sa tabarau, ya toshe kunne, ya sa safar hannu, ya ɗauki bindigar ya tsaya gaban tsohon injin. Bai kunna komai ba. Sai ya riƙa kai ta dama yana dawo da ita hagu a hankali, yana yin ƙarar da bakinsa. Awa biyu cur. Ina zaune ina kallo, na cije leɓe har ya yi mini ciwo. Da ya gama ya ce hannunsa ya faɗa, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta tafi a banza ba.

Litinin tun kafin masu buga aiki su iso ya shigo da wankakkiyar rigar aiki. Ya wuce ciki. Ban gama shan shayina ba na gan shi ya dawo, tafiya yake kamar wanda ƙafarsa ba tasa ba, buhu uku a hannu, a ɗaure yadda muka ɗaure, amma a lafe kamar an yi musu guga.

“Wa ya shigo gidan nan jiya?”

“Ba kowa.”

“Sarkin ƙofa, ka dubi Allah. Wa ya shigo?”

“Ko kyanwa ba ta shigo ba. Kwaɗon a karye ka same shi?”

“Lafiyarsa lau, duka biyun.”

“Ƙullin fa?”

“Nawa ne, na san ƙullina.” Ya zazzage buhu ɗaya, ko ɗigon ruwa bai fito ba. Ya ƙura mini ido. “Da narkewa ta yi da na ga ruwa. Faɗa mini gaskiya, ba zan kai ka gaba ba. Yayarka ka kai wa ta sanyaya lemo?”

Na ce, “Malam, makullin yana wuyanka. In Yaya ce ta ɗauka, kai ka fi kusa da ita da ni.”

Ya shafa wuyansa. Na ga yana lissafin ko ya yi barci mai nauyi ranar Lahadi. Sannan ya zauna a bencin, buhunan a cinyarsa, duk wasan ya fita daga fuskarsa. Ya ce, “Shekara talatin da ɗaya ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba.”

Manaja tana shigowa ya bi ta ofis. Na koma kujerata. Na ji ƙarar makullai a kan tebur.

“Mene ne wannan, Baba?”

“Kayan da aka ba ni sun ɓata a hannuna. Ban san wanda ya ɗauka ba, ba kuma zan ɗora wa kowa ba. Ki kira masu kwangilarki.”

“Ƙanƙarar? Ba tana akwati ba?”

“Na adana ta.”

“A ina?”

“A kabad.”

Daidai nan Mai farar riga ya iso, na buɗe masa, ya tarar da zancen. Da ya fahimci abin da ya faru sai da ya dafa bango don dariya. “Baba, iska ka kulle! Iska ce aka daskarar. Akwatin nan shi ke riƙe ta, ka fitar da ita ka sa a ƙarfe, ai tun jiya ta gama tafiya ta ramukan kabad.” Sai kuma dariyar ta tsaya. “Ɗakin yana da taga?”

“Babu.”

“Ka zauna a ciki?”

“A'a, buhunan kawai na ɗauko na fito.”

“To ka gode wa Allah. Iskar nan in ta taru a rufaffen ɗaki, mutum kwanciya yake yi ba ya tashi. Ku buɗe ƙofar nan yanzu, ku sa fanka.”

Na tuna nauyin kan da aka ce mini yunwa ce. Na kalli Malam Ajiye ta taga, shi ma ya kalle ni.

Manaja ta tura masa makullansa. “Ɗauki abinka, ba wanda ya yi sata. Amma maganata tana nan. Gobe da safe za mu fara buga littattafan makaranta, dole inji ya kwana a wanke. Ka dai yi koyon ranar Asabar ko?”

“Na yi.”

“Da me, tunda ba ka taɓa ƙanƙarar ba?”

Ya shiga soke makullan a aljihu. Ta leƙo ta taga ta dube ni. Na ce, “Da baki, Manaja.”

Sai ƙarfe biyu Mai farar riga ya dawo da sabuwar ƙanƙara. Aka buɗe ƙofofin ɗakin injuna duka, aka kashe wutar babban inji, masu buga aiki suka jeru a jikin bango kamar masu kallon ƙwallo. Na bar ƙofa a kulle na zo na tsaya a baya.

Malam Ajiye ya shirya, ya gyara tsayuwa yadda ya koya, ya danna kunama. Abin da bakinsa bai koya masa ba shi ne bindigar tana tura mutum baya. Tiyon ya fizge shi, hayaƙin ya yi sama ya ɗauke kalandar bango, ya dawo ya bugi tiren tawada, baƙin garin ya tashi ya sauka a kan farar rigar nan daga wuya har ciki. Ya saki kunama. Ɗakin ya yi tsit, sai wani daga cikin masu buga aiki da ya kasa riƙe dariya ya fita da gudu.

Manaja ba ta yi dariya ba. Ta duba agogo.

Mai farar riga, wanda yanzu sunan bai dace da shi ba, ya karɓi bindigar. “Kawo in nuna maka, Baba. Ka ga irin wannan wurin da ya fi kauri, nan ake farawa.” Ya nufi wani dunƙulen baƙin datti a gefen injin, ƙasa da wani bututu. Na ga Malam Ajiye ya ɗaga hannu biyu yana ihu, amma kowa kunnensa a toshe, ga ƙara. Dunƙulen ya tashi gaba ɗaya. Wurin ya yi ƙyalli. Sai man inji ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, sannan ya miƙe kamar zare.

Aka kashe injin ƙanƙarar. Malam Ajiye ya cire abin kunne. “Wannan ba datti ba ne! Ni na sa shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan zoben robar wurin ya tsage, na naɗe da tsumma na shafe da maiko. Duk wanki kewaye shi nake yi.”

Manaja ta ce, “Irin zoben nan ana samu?”

Babban mai buga aiki ya girgiza kai. Ya ce injin ya tsufa, sai an yi oda, mako biyu in an yi sa'a.

“Littattafan gobe fa?”

Kowa ya kalli man da ke zuba. Malam Ajiye ya juya ya fita. Muka ji ƙarar kwaɗo, ɗaya, biyu, sai ƙarar gwangwanaye. Ya dawo da wani ɗan ƙunshin takarda mai maiko, ya warware. Zoben roba ne, sabo fil.

“Daga ina?” in ji Manaja.

“Lokacin mahaifinki, da aka sayar da ɗan'uwan injin nan ga masu gwangwan, na cire. Sabo ne, ba a daɗe da sa shi ba.”

“Yana hannunka duk shekarun nan? Me ya hana ka sa shi tun ranar da wancan ya tsage?”

Ya dube ta da mamaki na gaske. “Ai tsummar tana riƙewa. Da na sa shi tun lokacin, yau me za mu sa?”

Manaja ta kalli zoben, ta kalle shi. Ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Aka sa zoben, mai ya tsaya. Sannan Malam Ajiye ya miƙa hannu, aka ba shi bindigar. Wannan karon ya tokare ƙafa, ya rataya tiyon a kafaɗa, ya ce wa Mai farar riga ya rage ƙarfin iskar. Kafin ya fesa kowane wuri sai ya tsaya ya duba. Inda siririyar waya ta bi, ya ja baya ya sassauta. Robobin da suka tsufa ya rufe su da kwali da ya ɗauko daga inda kuka sani. Akwai wurare biyu da ya nuna da yatsa ya ce ba za a taɓa ba sai an yi gyara, kuma ba wanda ya yi musu. Hannun nan da ya yi ta kaiwa dama da hagu ranar Asabar, ashe bai tafi a banza ba, tafiyarsa daidai take ba rawa. Kafin ƙarfe biyar aikin kwana biyu ya ƙare. Ya share garin dattin, bai cika rabin bokiti ba. Ya tsaya da bokitin a tsakiyar ɗaki inda ya saba tara tsummokara, yana kallonsa kamar an rage masa wani abu.

Manaja ta zagaya injin sau biyu, ta shafa nan ta shafa can. Ta ce wa Mai farar riga, “Na saya. Ka zo gobe mu yi takardu.” Ta juyo. “Baba, kai za ka riƙe shi. Baƙo ba zai san inda tsummarka take ba, kuma na tabbata ba ita kaɗai ba ce. Amma da sharaɗi. Ranar da aka kawo ƙanƙara, ranar za ta ƙare. Sarkin ƙofa, kai ne shaida. In ka ga ya nufi kabad da buhu, ka kira ni.”

Na ce to. Ban faɗa mata wanda ya riƙe buhun farko ba.

Mai farar riga ya ce zai haɗa da shuɗin akwatin. Malam Ajiye ya tambaye shi ko za a iya yi masa wurin kwaɗo. Ya ce a'a da ƙarfi, har sau biyu.

Labari ya riga mu isa gida. Muna shiga muka tarar Yaya ta hau kujera ta sauko da kwalin nan daga saman durowa. Malam Ajiye ya ce, “Me kike yi haka?”

“Dubawa nake ko suna nan. Na ji an ce yanzu kayan ajiya tashi suke yi.”

Suna nan, goma sha biyu cif, ashe zanen furanni ne shuɗaye a jikinsu. Ta wanke uku ta zuba mana abinci. Ya ci, amma duk cokali sai ya ɗaga a hankali kada ya karce. Da muka gama ya roƙe ta a mayar da taran, ta ce a bar shida a waje, suka daidaita a kan biyar.

Shekara huɗu ya ƙara yana riƙe da injin nan kafin ya ajiye aiki don kansa. Tarin ya tafi, faratansa suka dawo, Yaya ta ce ba su kai kyan da take tunawa ba. Sharaɗin Manaja kuwa ya kiyaye shi, sai dai abu ɗaya. Duk ranar wanki, in ya kusa gamawa, yakan ɗebi cikin cokali ɗaya ya zuba a wani gwangwanin madara da ya huda murfinsa, ya ajiye a waje, a kan taga kusa da kujerata. Ban taɓa kai ƙara ba, tunda ba kabad ya nufa ba. Washegari kafin ya gaishe ni sai ya ɗauki gwangwanin ya girgiza, ya buɗe, ya leƙa.

“Ta tafi,” yakan ce.

Ni kuma in ce, “Allah ya kiyaye hanya.”

Sai ya mayar da murfin, ya sa gwangwanin a aljihu, don shi kam zai sake amfani.